Idan likita ya ce a dakata da maganin sankarar mama saboda zuciya

 Sharhinmu na yau zai duba wata magana da kan faɗo wa mace a tsakiyar jinyar sankarar mama, lokacin da ita da danginta suke ganin an kama hanya. An yi gwaji, an tabbatar da ciwon, an fara ba ta maganin ƙarin ruwa da ake kira shimiyo, ta sha zagaye biyu ko uku, sai likita ya dubi hoton zuciyarta ya ce a dakata, zuciyar ta raunana. A babban birni wannan magana tana nufin a dawo bayan 'yan makonni a sake dubawa. Amma ga matar da ta fito daga Azagor, a gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, wadda aka sayar da awaki ko bijimi kafin a kai ta Yamai, sau da yawa abin da kunnen dangi ke ji shi ne likita ya sallame ta, a koma gida a jira hukuncin Allah. Ra'ayina shi ne dakatawar nan daidai ce idan zuciya ta nuna alama, kuma wani ɓangare ne na maganin. Sai dai duk wanda ya ce a dakata, to nauyin dawo da matar ya hau kansa, domin a ƙasa mai nisa irin tamu, dakatawar da ba ta da ranar dawowa rubuce a takarda takan zama rabuwa da asibiti har abada.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki. Ginshiƙin shimiyon sankarar mama a yawancin asibitocin Afirka wani jan magani ne mai suna doksorubisin, tare da ɗan'uwansa efirubisin. Masu jinya sun san shi da launinsa, domin yakan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu. An samo shi ne a Italiya cikin shekarun 1960 daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa, kuma har yau yana cikin magungunan da suka fi kashe ƙwayoyin sankara, ga shi da araha idan an kwatanta da sababbi. Aibinsa shi ne yana taɓa tsokar zuciya, kuma ɓarnar taruwa take yi. Kowane zagaye yana ƙaruwa a kan na baya, jiki kuma ba ya mantawa, ko da shekaru goma ne tsakanin wannan allura da waccan. Ƙwayoyin tsokar zuciya ba su iya sabunta kansu kamar fata ko gashin kai ba. Gashin da shimiyo ya zubar zai tsiro, amma ƙwayar zuciyar da ta mutu tabo ne ke maye gurbinta. Shi ya sa likitoci ke lissafa jimillar abin da mutum ya karɓa a duk tsawon rayuwarsa, gwargwadon girman jikinsa. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa idan jimillar ta kai miligiram 400 a ma'aunin da ake amfani da shi, kimanin mutum 5 cikin 100 ne ke samun gazawar zuciya. Idan ta kai 550, adadin yakan haura zuwa 26 cikin 100. Tsarin da aka saba bai wa mai sankarar mama, zagaye 4 na miligiram 60, yana tsayawa a 240, ƙasa da wurin haɗarin sosai. Ina so a riƙe wannan da kyau: yawancin matan da suka sha jan maganin nan yadda aka tsara, suna gamawa zuciyarsu lafiya lau.

Akwai magani na biyu da ya sha bamban, wato tarastuzumab, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Herceptin. An amince da shi a Amurka a 1998, kuma yana aiki ne kawai ga nau'in sankarar da ke ɗauke da wata alama da ake kira HER2, wadda ake samu a kusan mace 1 cikin 5 ko 6 masu ciwon. Ga waɗannan mata ya canza lissafi ƙwarai, domin yana rage dawowar ciwon da mace-mace da kusan kashi 1 cikin 3. A wani gwaji da aka wallafa a 2001, matan da aka haɗa musu shi da jan maganin a lokaci guda, 27 cikin 100 sun sami raunin zuciya, daga nan aka daina haɗa su, aka koma ba da ɗaya bayan ɗaya. Bambancin ɓarnar magungunan biyu kamar bambancin rijiyoyi biyu ne a kwarin Tarka: ɗaya an ja ta da yawa har ruwa ya janye, in an bar ta ta huta zai taru, ɗayar kuwa bangonta ne ya fara rufta, in an ci gaba da ja ba tare da gyara ba, rijiyar ce za a rasa. Raunin da tarastuzumab ke kawowa yawanci irin na farko ne, yana warwarewa idan an dakata. Saboda haka ƙa'idar da aka shimfiɗa masa a fili take: a ɗauki hoton zuciya na eko kafin a fara, a maimaita duk wata 3, a duba kason jinin da zuciya ke tunkuɗawa a kowane bugu, wanda ga mai lafiya yakan kai 50 zuwa 70 cikin 100. Idan ya faɗi da maki 16 daga inda ya fara, ko ya faɗi da maki 10 har ya gangara ƙasa da iyakar lafiya, sai a dakata aƙalla mako 4, a ba da maganin zuciya, a sake hoto, in ya farfaɗo a ci gaba. Dakatawar tana rubuce a cikin tsarin maganin tun daga farko, da tsawonta da sharaɗin dawowarta.

To, me ya sa wannan magana ta fi shafar matan ƙasar Hausa fiye da na wurare da yawa? Saboda da dama daga cikinsu suna isa gaban likitan sankara da zuciyar da ta riga ta sha wuya. Yankinmu yana cikin wuraren da aka fi samun ciwon raunin zuciya na bayan haihuwa a duk duniya. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana shi a Zariya, inda suka ga mata masu jego na zuwa da kumburi da haki, suka kuma danganta shi da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi da shan kunun kanwa. A Yamai, likita Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ke da wannan ciwo suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jininsu. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya sami ciwon a kusan haihuwa 1 cikin 100. A Kano kuwa, ayyukan Farfesa Kamilu Ƙaraye na baya-bayan nan sun fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da talauci da ƙarancin seleniyom da hawan jini, fiye da al'adun jego su kaɗai. Masana na iya ci gaba da muhawara kan sanadi, amma babu mai musun yawan ciwon. Wasu matan sukan warke sarai, wasu kuwa kumburin ne kawai ke sacewa, raunin ya zauna shiru. Ku haɗa wannan da yawan haihuwa, tunda Maraɗi na cikin jihohin da suka fi kowace yawan haihuwa a Nijar, da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, da ƙarancin jini, da ciwon ƙofofin zuciya da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta. Sannan sankarar mama a nan takan kama mace tana da shekaru 35 ko 45, wani lokaci tana goyo. Alƙaluman jan maganin da na ambata a baya an samo su ne daga matan da zukatansu suke da lafiya a farko. Matar da ta kumbura bayan haihuwarta ta biyar, aka ce iska ce ko sanyi, ba daga inda suka tashi ta tashi ba.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne tambaya da hoton farko sun fi muhimmanci a wurinmu. Kafin ɗigon farko na jan magani ya shiga jijiya, ya kamata a tambayi matar ko ta taɓa kumburin ƙafa ko haki bayan haihuwa, ko an taɓa ce mata tana da hawan jini ko ciwon suga, ko an taɓa yi mata ƙarin ruwan sankara a wani wuri, a Kano ne ko Sakkwato ko Zariya, tunda mutanenmu na tsallaka iyaka neman magani. Kuma ya kamata ita da mai rakiyarta su faɗa ko ba a tambaye su ba. Idan babu hoton farko, likitan da ya ga zuciya a raunane a wata na uku ba shi da abin kwatantawa. Bai san ko maganin ne ya yi ɓarnar ko da ma haka ta zo ba, sai ya yanke hukunci cikin duhu, ko dai ya hana ta maganin da take iya ɗauka, ko ya ci gaba da wanda zai kashe ta.

Yanzu ga ƙorafi na farko a kan dakatawar, kuma shi ne mafi nauyi: sankara ba ta jira. Mai wannan magana yana da hujja. Wani babban nazari da aka wallafa a Ingila a 2020 ya tattara sakamako daga ƙasashe da yawa, ya nuna cewa kowane jinkirin mako 4 wajen fara maganin sankara yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan 6 zuwa 13 cikin 100, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. Ba zan ce dakatawa kyauta ce ba. Amma a auna ɗaya gefen. Gazawar zuciya mai tsanani tana kashewa da sauri kamar sankara, wani lokaci ma fiye, kuma matar da ba ta iya kwanciya saboda haki ba za a iya yi mata tiyata ba, ba za a iya ba ta wani shimiyon ba. Wanda ya ƙi tsayawa na mako 4 yana iya rasa duk sauran magungunan gaba ɗaya. Sannan lokaci yana da tasiri ga zuciyar ma. A birnin Milan na Italiya an bi sawun mutum 2,625 da suka sha jan maganin, aka wallafa sakamakon a 2015: 9 cikin 100 sun sami rauni, kusan dukkansu cikin shekarar farko, kuma da aka fara musu maganin zuciya nan take, fiye da 80 cikin 100 sun farfaɗo, ko dai sarai ko wani ɓangare. Likitocin da suka yi wannan binciken sun riga sun nuna cewa idan aka bar raunin ya wuce wata 6 ba magani, ba a samun cikakkiyar farfaɗowa. Magungunan da ake magana a kai kuwa ba baƙi ba ne, irin su enalafiril ne da kabedilol, waɗanda masu hawan jini da ciwon zuciya ke sha, kuma suna cikin masu sauƙin kuɗi.

Akwai kuma abin da dangi suka fi kuskuren fahimta. Magani guda ake dakatarwa, ba jinyar duka ba. Idan jan maganin ne ya zama haɗari, akwai tsare-tsaren shimiyo da ba su ƙunshe shi ba, irin su dosetaksel haɗe da saikulofosfamid, ko wani tsohon haɗi na magunguna uku da aka wallafa sakamakon gwajinsa a 1976 kuma har yau yana da amfani. Idan ciwon irin wanda ke ci da sinadarin mata ne, akwai ƙwayar tamoksifen da ake sha kullum tsawon shekara 5 ko fiye, wadda ba ta raunana tsokar zuciya, ko da yake tana iya jawo gudan jini a jijiya. Ana iya gabato da tiyata idan zuciyar ta daidaita. Ana iya yin gashi da na'ura, tare da kula idan maman hagu ne, domin zuciya na ƙarƙashinsa. Ko tarastuzumab ɗin ma, wani gwaji da aka yi a Birtaniya kan mata sama da 4,000, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa waɗanda suka sha na wata 6 sun yi kusan daidai da waɗanda suka sha na shekara guda: bayan shekara 4, 89.4 cikin 100 ba ciwo a rukuni na farko, 89.8 a na biyu. Wato matar da zuciya ta tsayar da ita a wata na bakwai ba ta yi asarar wahalarta ba. Ƙa'idojin da likitocin zuciya na Turai suka fitar a 2022 ma sun yarda a ci gaba da shi idan raunin kaɗan ne kuma babu alamu, muddin ana ba da maganin zuciya ana kuma sa ido. Saboda haka tambayar da ta kamata mai jinya ta yi ita ce: wane magani aka tsayar, kuma me za a ba ni a madadinsa kafin in dawo?

Inda nake ganin babban haɗarin yake a wurinmu shi ne hanya. Daga Azagor zuwa Dakwaro, daga Dakwaro ta Kornaka zuwa Maraɗi sama da kilomita 100, daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600, ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, kuma a can ne aka buɗe sashen gashi na farko a Nijar a watan Maris na 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Tun 2007 gwamnati ta ayyana cewa jinyar sankarar mata kyauta ce, wannan kuma mataki ne da ya cancanci yabo. Amma dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da mai rakiya, ba ta tsare garken da aka bari, ba ta kula da yaran da ke gida. Iyalin da suka yi shirin zama wata 4 a Yamai, aka ce musu su dakata wata guda, ba za su iya zaman jira a gidan wani ɗan'uwa ba, sai su koma. Da zarar sun koma, kuɗin da aka tara don jinya ya shiga wata buƙata. Idan damina ta faɗi, manomi yana gona, makiyayi ya yi arewa da dabbobi, hanyoyin cikin kwari sun lalace. Ga kuma abin da ya fi ruɗi: makonni kaɗan bayan an tsayar da shimiyo, mace takan ji daɗin jikinta, amai ya tsaya, abinci ya shiga, gashi ya fara tsirowa. Sai kowa ya ce ashe maganin ne ke kashe ta, a koma wajen mai tofi ko mai sassaƙe, ƙullutun kuwa yana ci gaba da girma. Ba jahilci ne ya kai su ga wannan hukunci ba, abin da idonsu ya gani ne, kuma babu wanda ya gaya musu tun da wuri cewa haka za a ji. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021 kan sankarar mama, ta sa burin cewa aƙalla mata 80 cikin 100 da suka fara jinya su kammala ta. Kowace dakatawar da ba a ɗaure ta da ranar dawowa ba tana cin wannan buri.

Wasu za su ce wannan duk zancen ƙasashen masu kuɗi ne. Matanmu suna zuwa asibiti ne ciwon ya riga ya fashe, tarastuzumab kuma ya fi ƙarfin aljihun kusan kowa, to ina amfanin damuwa da zuciyar da sankara ba za ta bari ta tsufa ba? Gaskiya ne yawanci ana zuwa a makare. Binciken da aka wallafa a 2020 kan ƙasashen Afirka 5 ya nuna rabin matan ne kawai ke raye bayan shekara 3, a asibitocin Najeriya da aka duba ma adadin bai kai 40 cikin 100 ba. Amma wannan hujja, in an bi ta, tana goyon bayan maganata ne. Wadda ciwonta ya yi nisa ita ce ta fi shan shimiyo mai yawa, zagaye bayan zagaye, wani lokaci a asibitoci biyu da ba su san lissafin juna ba, don haka ita ce ta fi kusa da iyakar jan maganin. Kuma idan an kai matakin da burin jinya shi ne a tsawaita kwana a rage raɗaɗi, babu hikima a sayi watanni da maganin da zai sa ta ƙare su a zaune tana kokawa da numfashi. Batun tsada kuma yana sauyawa. An sa tarastuzumab cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015, kuma a watan Disamba na 2019 hukumar ta tantance kwafinsa na farko mai rahusa. Maganin yana tafe, kuma gara ya tarar da tsarin duba zuciya a ƙasa.

Ƙorafi na gaba daga ma'aikatan lafiya yake fitowa, kuma na fahimci dalilinsu. Suna cewa da ƙyar muke shawo kan mace ta yarda da shimiyo, ga tsoron yanke mama, ga maganar da ke yawo cewa ƙarfe ba ya taɓa daji, wato sankara, in kuka ƙara da cewa maganin na taɓa zuciya, wa zai zo? Amsata ita ce ɓoyewa ba ta hana labarin yaɗuwa, sai dai ta canza bakin da zai faɗe shi. Matar da ba a gargaɗe ta ba, ta kumbura a ƙauye ta rasu, kowa a wurin zaman makoki zai ce ruwan Yamai ne, kuma mata goma da ke ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin zane za su ji. Wadda aka gaya mata tun farko cewa ga alamu, in kin gan su ki zo, akwai magani, aka dakata mata, ta farfaɗo, ta kammala ta dawo tana daka tana ɗebo ruwa, ita ce za ta kawo waɗannan goman asibiti.

Alamun da ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaciya ya sani ba su da wuyar ganewa. Haki a kan aikin da da ba ya sa ta haki, kamar tafiya zuwa rijiya. Kasa kwanciya a miƙe sai an tokare ta da matasai, ko farkawa cikin dare tana neman iska. Kumburin ƙafafu da ke barin rami in an danna da yatsa, ko cikin da ke cika. Tarin dare, bugun zuciya da sauri ko da tsalle, nauyin jiki da ya ƙaru cikin 'yan kwanaki alhali ba ta cin abinci sosai. Waɗannan na iya zuwa ana cikin jinya, suna kuma iya zuwa watanni bayan an gama. Ba kowane haki ne zuciya ba: ƙarancin jini na kawo shi, ruwa a huhu na kawo shi, gudan jini na kawo shi, sankarar da ta bazu na kawo shi, kuma kowanne da maganinsa daban. Shi ya sa ba a gida ake yanke hukunci ba, kuma kada mace ta tsayar da maganinta da kanta don ta ji labarin wata. A lokacin dakatawar, a rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kanwa gaba ɗaya, ko a kunu ko a jiƙo, domin tana riƙe ruwa a jiki. A guji ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen da ake saya a tebur ranar kasuwa, suna ƙara wa zuciya da ƙoda nauyi. Maganin zuciya kuma ba a barin sa don an ji sauƙi, sai likita ya ce. Kuma wajibi ne a kauce wa ɗaukar ciki a wannan lokaci, wannan magana ce da ya kamata a yi ta a gaban maigida.

Abin da nake nema daga masu tsara harkar lafiya bai fi ƙarfinmu ba. Duk matar da aka dakatar wa magani ta fita da takarda guda a hannunta, mai ɗauke da sunan maganin da aka tsayar, jimillar jan maganin da ta karɓa zuwa ranar, sakamakon hoton zuciya na farko da na ƙarshe, magungunan zuciyar da aka ɗora ta a kai, da ranar sake hoto. A karanta mata takardar da Hausa ko Fulatanci ko Tamashek, a gaban wanda ke riƙe da kuɗin tafiya, tunda shi ne zai yanke shawarar dawowa. Hoton sake dubawa kuma bai kamata ya zama sai an koma Yamai ba. Maraɗi na da babban asibitin jiha da asibitin ƙwararru, Dakwaro na da asibitin gunduma, kuma a yau akwai ƙananan na'urorin eko da ake haɗawa da waya, waɗanda likitan gunduma da aka horar zai iya gane zuciya mai rauni ƙwarai da su, ya tura hoton ga likitan zuciya ya tabbatar. Idan sakamakon ya nuna ta farfaɗo, sai ta yi doguwar tafiyar sau ɗaya, zuwa ga magani. Sannan cibiyar da ta dakatar da ita ta sanar da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, na asibitin karkara mafi kusa da gidanta, da sunanta da ranarta, domin ya auna mata hawan jini da nauyi duk mako, ya tabbatar tana shan ƙwayoyinta. Idan ranar dawowa ta wuce da mako guda ba a gan ta ba, a kira wayar gidan, in ba ta shiga ba a aika wakilin lafiya na ƙauye ko a bi ta hannun mai gari ko hakimin rugga, a ji abin da ya tsare ta.